Kusheyin Bakin Hanya a Harrar Khaibar: Inda Aikinmu Ya Kai

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

Yau muka tsayar da magana a kan abin da za mu yi da wanda ba za mu yi ba. Za mu rubuta ɗan littafi da Hausa a kan tsoffin kusheyin da ke bisa harrar Khaibar, arewa da Madina, mu haɗa masa taswira, sannan mu naɗi karatunsa da murya saboda iyayenmu da ba sa karanta boko. Ba za mu tona komai ba, ko tsakuwa ba za mu ɗauko ba. Mu huɗu ne a aikin: ni, da Kawu wanda ƙuruciyarsa ta ƙare a tuƙin babbar mota tsakanin Madina da Tabuka, da ɗan yayata mai karatun safiyo, da ƙanwarsa wadda Allah ya ba hannun zane.

Saboda masu bibiyarmu daga gida, harra ita ce ƙasar da narkakken dutse ya malale a kanta ya daskare, ta zama baƙin fa da ɓaraguzan duwatsu iya ganinka. Madina kanta tsakanin harra biyu take. A shekara ta 654 bayan Hijira, wato 1256, wuta ta ɓarke kudu maso gabas da birnin, dutse ya yi ta kwarara har kwana 52 kafin Allah ya tsayar da shi. Ta Khaibar tudu ce mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 12,000, kuma a cikinta Jabal Abyad yake, mai tsayin mita 2,093, wanda duk Saudiyya babu dutsen aman wuta da ya kai shi.

Ka tambayi yaranmu na nan Madina me suka sani game da Khaibar, za su ce maka yaƙin shekara ta 7 bayan Hijira, sai kuma dabino. Alhali kusheyin da ke kewaye da garin sun riga wannan yaƙi da shekara 2,600, wasu ma fiye da haka. An yi rubuce-rubuce a kansu da Turanci da Larabci. Mu da muka yi iyaye da kakanni a wannan ƙasa muna son mu ji labarinsu da bakin da muke hira da shi a tsakar gida.

Laraba, 23 ga Oktoba, 2024

Da hotunan tauraron ɗan'adam muka fara. Bayan sallar Isha'i ɗan yayata kan buɗe Google Earth a kwamfutarsa, mu zauna a kan darduma muna bin gefen Khaibar guntu-guntu. Wannan dabara ba mu muka fara ta ba. Farfesa David Kennedy na Jami'ar Yammacin Ostireliya da ita ya daɗe yana aiki, kuma a 2017 ya fitar da bayanin wasu gine-ginen dutse kusan 400 da ya gano ta wannan hanya, akasarinsu a harrar nan. A shekarar ce kuma aka kafa Hukumar Masarauta mai kula da Al-Ula, wani dausayi arewa maso yamma da Khaibar. Ita ce daga baya ta ɗauki nauyin masu bincike suka bi yankin da jirgi mai saukar ungulu, suka kuma taka shi da ƙafa.

Daga sama, kushewar da aka fi gani kamar ludayi take: ƙoƙo zagayayye a kai, shi ne tsibin da aka sa mamacin a ciki, sai doguwar mariƙa ta fita daga jikinsa. Wani lokaci mariƙar katanga ce miƙaƙƙiya, wani lokaci jerin ƙananan tsibin duwatsu ne ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma wadda tsibi ne a tsakiya katanga ta kewaye shi, akwai mai faɗi a gefe ɗaya tana tsukewa zuwa ɗayan.

Wahalar ita ce bambance kushewa da garken tumaki na makiyayan baya-bayan nan, domin dukansu da'irar dutse ce. Yarinyar ce ta kama bakin zaren. Ta sa yatsa a kan allon ta ce, "Kawu, duba. Garke yana da ƙofa, cikinsa kuma fari-fari saboda dabbobi sun tattake shi. Kushewa ba ta da ƙofa, inuwarta a tsakiya take, kuma sau da yawa akwai ɗigon baƙi a ƙoluwarta." Ɗigon baƙin nan rami ne, ko dai rufin ya rufta ko wani ya buɗe shi. Mun kuma lura hoton da aka ɗauka rana tana ƙasa ya fi amfani, domin doguwar inuwa ita ke fito da tsayin abu a kan baƙin dutse.

Ɗan yayata yana sa jan ɗigo a kan kowace kushewa. Da ɗigon suka yi yawa ya janye hoton baya, sai ga su sun jeru sahu biyu, wani siririn farin layi ya ratsa tsakaninsu. Kawu ya sa gilashinsa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, ai wannan ba maƙabarta ba ce. Hanya ce." Abin da masana suka faɗa ke nan. A ƙarshen 2021 Matthew Dalton da abokan aikinsa sun ƙirga irin waɗannan kusheyi masu jela kimanin 17,800 a yankunan Al-Ula da Khaibar, kuma wajen 11,000 daga cikinsu a bakin tsoffin hanyoyi suke. Sun ce an gina su tsakanin shekara ta 2600 da ta 2000 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Asabar, 9 ga Nuwamba, 2024

Labarin da ya fito ƙarshen watan jiya ya sa mun rushe babi na biyu za mu sake shi. Tawagar Saudiyya da Faransa ƙarƙashin Guillaume Charloux ta sanar da kufan wani gari a cikin dausayin Khaibar, an sa masa suna An-Natah. Faɗinsa hekta 2.6, mutanensa kimanin 500, an kafa shi wajen 2400 kafin haihuwar Annabi Isa. Tun a watan Janairu tawagar ta ba da labarin ganuwar da ta taɓa kewaye dausayin, mai tsawon kilomita 14.5, wadda aka gina tsakanin 2250 da 1950 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma har yau akwai saura kusan kilomita 6 da ido ke gani.

A daftarin farko masu kusheyin sun fito a matsayin makiyaya kaɗai, masu yawo da dabbobi a kan dutse. Yanzu dole a faɗa wa mai karatu cewa a daidai zamanin da ake jera kusheyi a bakin hanya, a ƙasa cikin dausayi akwai gari da gidaje da ganuwa, da tasa maƙabartar inda aka samu gatura da wuƙaƙe na ƙarfe. Wanda ya san zaman Bahaushe da Bafillace zai gane abin nan da sauri: na cikin ganuwa yana buƙatar nono da nama, na waje yana buƙatar hatsi da rijiya, hanya kuma ita ke haɗa su. Ko dangi ɗaya ne wasu a gari wasu a daji, ko maƙwabta ne, ba za mu yanke wa mai karatu ba. Za mu ajiye masa shekarun kusa da juna ya gani da idonsa.

Juma'a, 29 ga Nuwamba, 2024

Goggo ta ce ba za ta bar jikokinta su je wurin kaburburan mutanen jahiliyya ba sai an tambayi malamai. Tana da gaskiya, kuma na san masu karatu da yawa da wannan tambaya za su fara. Bayan an sauko daga Juma'a na raka wani malaminmu zuwa gidansa na shimfiɗa masa maganar.

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, mun san abin da ya zo game da Al-Hijr, garin Samudawa mutanen Annabi Salihu (AS), cewa Manzon Allah (SAW) ya hana shiga gidajen waɗanda aka yi wa azaba sai mutum yana kuka. To waɗannan fa?"

Ya ce wancan hani a kan mutane ne sanannu da azaba ta sauka a kansu, kuma shi bai san wani nassi da ya ce na harrar Khaibar suna cikinsu ba. Al'amarinsu yana wurin Allah, shi ya san wanda saƙo ya isa gare shi da wanda bai isa ba. Sannan ya gindaya sharuɗɗa: kada a nemi tabarruki da dutse, kada a yi wata ibada a wurin, kada a hau kan kushewa ko a zauna a kanta, a je da niyyar lura da wa'aztuwa. Ya tuna mini cewa an taɓa wucewa da gawar Bayahude Manzon Allah (SAW) ya miƙe tsaye, da aka ce masa Bayahude ne ya nuna cewa ai shi ma rai ne. Ya ce, "Malam, ka rubuta wa yaran nan cewa ɗan Adam ne a ciki. In sun riƙe wannan, ba za su yi wasa a wurin ba."

Maganarsa za ta zo a shafin farko, kafin taswira. Goggo ta amince, da sharaɗin Kawu yana cikin tafiyar.

Asabar, 21 ga Disamba, 2024

Jiya muka je. Mun bar Madina bayan sallar Asuba, muka ɗauki hanyar Tabuka, tafiyar kimanin awa biyu. Ɗan jagoranmu haifaffen Khaibar ne, ya san inda aka yarda baƙi su taka da inda ba a yarda ba, kuma ba mu ƙetare maganarsa ba.

Sanyin harra da safe yana shiga har ƙashi. Daga inda mota ta tsaya sai ƙafa. Duwatsun ba a kafe suke ba, kowane ka taka sai ya motsa ya bugi na kusa da shi, gefensu kuma yana yanka takalmi. Mun yi ta dafa juna muna tafiya a hankali saboda gwiwar Kawu. Can sai ƙafa ta ji sauƙi: mun hau hanyar. Wannan farin layi da muke gani a kwamfuta ƙasa ce mai laushi, an ture duwatsun zuwa gefe biyu, ko da hannun mutane ko da kofaton dabbobi tsawon ƙarnoni. Dama da hagu kusheyi ne, wata kusa da wata.

Zan tsaya a kan guda ɗaya, wadda yarinyar ta zauna daga nesa kaɗan ta zana. Bangonta ya kawo mini ƙirji. Falalen duwatsu ne aka zaɓa aka ɗora wani kan wani, babu laka babu komai, sai ƙananan tsakuwoyi da aka cusa a tsakani don kada su girgiza. Fuskar da ke kallon waje an daidaita ta sarai, wanda ya gina ta ya juya kowane dutse har ya samu gefen da ya fi kyau. Daga gefen da bangon ya zube ana hango ɗakin ciki: kowane sahu ya ɗan leƙo ciki fiye da na ƙasansa, har suka kusa haɗuwa a sama, sannan aka rufe da babban fale guda. Falen yana nan, amma a ture yake gefe, cikin ɗakin kuma yashi ne da iska ta tara. Daga jikinta jela ta fita, ƙananan tsibi fiye da goma a jere, tazarar da ke tsakaninsu kusan ɗaya.

Kawu ya nuna falen da sandarsa bai taɓa shi ba. Ya ce, "Wannan sai ƙarti huɗu, kuma sai sun ci sun ƙoshi." Ya yi shekaru yana loda kaya, ya san nauyi da ido. Wannan magana ta tsaya mini. Makiyayi ba shi da ranar banza, dabba tana buƙatar ruwa kullum. Amma mutanen nan sun bar garke, sun taru, sun yi kwanaki suna jan dutse saboda mutum ɗaya ko 'yan kaɗan, domin abin da masu tono suka samu ke nan a ciki: wani lokaci gawa ɗaya, wani lokaci 'yan ƙalilan. Kuma sun maimaita wannan aiki sau dubbai.

In ka tsaya a tsakiyar hanyar ka juya gefe ɗaya, za ka hango koren dabinon Khaibar a ƙasa, hanyar ta miƙe zuwa can. Ka juya ɗaya gefen, ta haura cikin baƙin tudu inda ciyawa ke tsirowa bayan ruwan sama. Masana sun lura kusheyin sun fi cinkoso kusa da ruwan da ba ya ƙafewa, suna raguwa in aka yi nisa, mu ma haka muka gani a taswirarmu. Ɗan jagoran ya ce kakanninsa makiyaya rujum suke ce wa irin tsibin nan, kuma in yaro ya tambaya sai a ce masa aikin mutanen da ne. Kawu ya ce su direbobi a zamaninsu sun ɗauka alamar hanya ce kawai, ba su taɓa kawo mamaci a ransu ba.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai. Duwatsun harra samansu baƙi ne wuluk saboda daɗewa a rana, ƙasansu da ke kwance cikin turɓaya kuma ja-ja ne mai haske. A wata kushewa can gaba mun ga duwatsu da dama jan cikinsu yana kallon sama, ga gorar ruwa ta roba a gefe. Ba a daɗe da birkita su ba. Masu bincike sun ce akasarin kusheyin nan an riga an yashe su tun zamanin da, to me mai gorar ruwa yake nema? Zinariyar da babu ita? Ya tarwatsa abin da ya tsaya shekara 4,000 don kwaɗayi, bai samu komai ba, ya kuma hana mai ilimi samun abin da zai karanta. Ɗan yayata ya ɗauki hoto ya rubuta wurin don mu kai rahoto.

Mun sha gahawa da dabino a gindin mota, muka yi Azahar da La'asar a gari, muka juyo.

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Masana sun kawo dalilai biyu da za su iya sa a binne mutane a bakin hanya. Ko dai don duk baƙon da ya doso ruwa ya ga kakannin masu wurin a jere ya san ƙasar tana da masu ita, ko kuma hanyar ce ake bi da gawa ana raka ta. Na karanta wa Goggo wannan sashe daren Alhamis don in ji ko Hausar ta zauna. Maimakon ta gyara mini Hausa, sai ta ba mu labarin da ban taɓa ji daga bakinta ba.

Iyayenta daga ƙasar Katsina suka taso da ƙafa, kamar dubban mutanenmu. Suka bi ta Chadi, suka shiga Darfur, suka yi shekaru suna tsinkar auduga a Jazira ta ƙasar Sudan suna tara kuɗin jirgi, sannan suka isa Sawakin suka haye teku zuwa Jidda. Tsakanin Fashir da Ubayyid wanta ya rasu yana yaro, ita ba a ma haife ta ba. Aka haƙa masa a gefen hanya, aka ɗora ƙaya da 'yan duwatsu saboda kuraye, ayari ya tashi kafin rana ta yi zafi. Ta ce, "Har Inna ta koma ga Allah tana cewa da za a mayar da ita wurin ba za ta gane shi ba. Wanda ya san ba zai dawo ba, ɗana, ba ya tsayawa gini. Waɗannan naku sun san za su dawo."

Wannan magana ita ce gindin littafin yanzu. Makiyayin harra ba matafiyi ba ne mai wucewa sau ɗaya. Yana haurawa tudu in an yi ruwa, yana gangarowa dausayi in fari ya matso, bana da baɗi, shi da 'ya'yansa da jikokinsa. Ya ajiye mahaifinsa a inda ƙafarsa za ta bi, ya yi masa gini mai tsayi da jela mai tsawo yadda zai gane shi cikin ɗaruruwa. Ban ƙi maganar mallakar ƙasa ba, ruwa a irin wannan wuri abin tsaro ne, ganuwar Khaibar ma shaida ce. Amma ina ganin in muka fara da ita za mu sa yara su ɗauki kusheyin a matsayin shingen iyaka, su manta akwai wanda ya yi kuka a wurin. Za mu kawo ra'ayoyin masana yadda suke, mu kawo maganar Goggo da sunan maganar Goggo, ba za mu cakuɗa su ba.

Kawu ya kawo zancen Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Mani a Katsina, inda akwai manyan tuddan kaburbura da Bature Palmer ya fara tonawa a 1907. Ya ce a sa shi a littafin don mai karatu na gida ya san mu ma muna da irin wannan gado. Za mu sa, da bayanin bambancinsu: na Durɓi 'yan kaɗan ne, na manyan mutane, kuma shekarunsu ɗaruruwa ne, na Khaibar dubbai ne a yawa, dubbai a shekaru.

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Babin shekaru ya kammala. Tambayar da kowa ke yi ita ce, ta yaya aka san shekarun abin da ba a rubuta komai a jikinsa ba? Mun amsa a taƙaice. Duk mai rai yana ɗaukar wani nau'in sinadarin kabon ta abinci. In ya mutu ɗaukar ta tsaya, wanda ke jikinsa ya riƙa raguwa, rabinsa yana ƙarewa duk shekara 5,730. In aka auna abin da ya rage a guntun ƙashi sai a lissafo lokacin mutuwa. A 2021 Melissa Kennedy da abokan aikinta suka fitar da sakamakon farko na irin wannan awo daga kusheyin Khaibar. Yarinyar ta zana shi da ƙoƙon ruwa da ke raguwa rabi-rabi, kuma Goggo ta gane daga kallo ɗaya.

Mun kuma ware shafi biyu don abubuwan da ba kusheyi ba, saboda mai duba taswira zai ci karo da su. Akwai mustatil, dogon fili mai kusurwa huɗu da aka kewaye da gajeriyar katanga, daga mai mita 20 har mai fiye da 600. Hugh Thomas da tawagarsa sun ba da rahoton fiye da 1,000 a arewa maso yammacin ƙasar nan a 2021, kuma a wanda suka tona sun samu ƙahonin shanu da na wasu dabbobi na wajen 5300 zuwa 5000 kafin haihuwar Annabi Isa. Wato tsakanin masu mustatil da masu kusheyin bakin hanya akwai fiye da shekara 2,000, kada a haɗa su a tukunya ɗaya. A zamanin masu mustatil ƙasar ta fi yanzu ruwa da ciyawa, shi ya sa shanu suka iya rayuwa a inda yau akuya ma sai ta yi da gaske. Kafin zamanin masu kusheyi ƙasa ta bushe, rayuwa ta koma rataye da dausayi irin su Khaibar da Al-Ula da Taima, hanyoyi kuma suka riƙa fita daga gare su. Akwai kuma tarkon barewa, dogayen katangu biyu da ke tsukewa har su kai dabba cikin rami. Sai kogon Ummu Jirsan, ramin da narkakken dutse ya bari a ƙarƙashin harra mai tsawon mita 1,481, wanda binciken da aka fitar a Afrilun 2024 ya nuna makiyaya sun riƙa fakewa a ciki da dabbobinsu tsawon dubban shekaru.

An yi gardama yau. Ɗan yayata yana son a saki taswirar da lambobin wuri cikakku, yadda kowa zai sa a wayarsa ta kai shi har gindin kushewa. Hujjarsa ita ce hotunan a buɗe suke ga kowa, kuma ilimi ba a ɓoye shi. Na ce masa, "Ɗana, wanda ya bar gorar ruwan nan bai zauna dare da dare yana tantance garke da kushewa ba. Kai ka yi wannan wahala, kada ka miƙa masa ita a faranti." Dokar kayan tarihi ta 2014 ta hana tono ba da izini ba, ta kuma wajabta wa wanda ya ga wani abu ya sanar da hukuma. Amma harra tana da faɗi, ba kowane tsibi ke da mai gadi ba. Ya yi shiru bai gamsu sosai ba. Kawu ne ya raba gardamar: taswirar littafi za ta nuna hanyoyin da yadda suke fita daga dausayi, ba lambobi, cikakkiyar kuma ta tafi ga hukuma tare da hoton kushewar da aka birkita.

Alhamis, 27 ga Fabrairu, 2025

Azumi ya ƙarato, za mu dakata sai bayan Sallah. An gama daftarin babi huɗu, na biyar wanda ya ƙunshi labarin Goggo yana hannun Kawu yana duba sunayen zangon da iyayensu suka bi. Zane-zane sun kammala sai na ganuwar Khaibar. Rahoton da muka ce za mu kai ya tafi ranar Litinin.

Naɗar murya ce ta tsaya. Yarinyar ta karanta babi na farko, Goggo ta saurara ta ce tana gudu, kuma Larabci yana yi mata shigar sauri a baki, tana cewa jabal inda ya kamata ta ce dutse. Shawarar da aka tsayar ita ce yarinyar ta karanta sassan da ke da shekaru da lambobi, Kawu ya karanta na tafiya, Goggo kuma ta ba da nata labarin da bakinta ba daga takarda ba. Wani ɗalibi ɗan Zariya da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina ya yi alkawarin duba mana ƙa'idar rubutu, musamman baƙaƙe masu ƙugiya, domin mu 'yan nan mun fi saba wa alƙalamin Larabci.

Bayan Sallah ɗan yayata zai koma kan hotuna ya bi hanyoyin da ke gefen gabas na harra, wajen dausayin Al-Ha'it, inda masana suka ce akwai irin wannan jeri na kusheyi. In mun samu izini da ɗan jagora kafin zafi ya kankama za mu je, in ba haka ba sai kaka. Masu son a aiko musu da muryar babi na farko su yi haƙuri har Kawu ya warke daga murar da ya kwaso.